Daga Ruwan Daɗi Zuwa Ruwan Teku: Matakan Farko Ga Mai Kiwon Kifin Ado

Mutumin da ya yi shekara biyu ko uku yana kiwon kifin ado a tankin gilashi na ruwan daɗi, wanda ya iya sauya ruwa, ya san illar cika wa kifi abinci, ya kuma taɓa ganin yadda kifi ke mutuwa a sabon tanki idan an yi gaggawar zuba shi, yakan kai lokacin da hankalinsa zai koma kan kifayen teku. Launinsu da siffarsu da murjanin da suke zagayawa a tsakaninsa, wato halittun teku masu rai da ke zaune wuri ɗaya kamar tsiro ko dutse, suna da ɗaukar ido, kuma babu laifi mutum ya yi sha'awarsu. Tambayar da yakan fara yi ita ce ko ilimin da ya tara zai yi masa amfani. Zai yi, amma ba gaba ɗayansa ba. Wani ɓangare zai tafi da shi yadda yake, wani yana buƙatar gyara, sannan akwai wasu ɗabi'u da suka zame masa jiki waɗanda idan ya shiga da su za su kashe masa kifi a watan farko.

Tushen bambancin yana can inda kifayen suka fito. Kogi da tafki da fadama wurare ne da ke sauyawa: ruwan sama ya sauka ya sirka su, rani ya zo ya janye su, zafinsu ya hau ya sauka tsakanin dare da rana. Kifin da ya rayu a irin wannan wuri jikinsa ya saba da jure sauyi, shi ya sa da yawa daga cikin kifayen ruwan daɗi suke yafe wa mai kiwo kurakuransa. Tekun da murjani ke tsiro a cikinsa kuwa ruwa ne mai yawan gaske wanda yanayinsa ba ya motsawa sosai. Gishirinsa yana nan a wajen giram 35 cikin kowane kilo na ruwa, ma'aunin pH ɗinsa, wanda ke nuna tsamin ruwa ko akasinsa, yana nan sama da 8 da kaɗan, zafinsa kuma yana sauyawa ne a hankali. Halittun da suka rayu a nan ba su da dalilin koyon jure sauyi na farat ɗaya, don haka duk abin da mai kiwo zai saya da duk abin da zai riƙa yi kullum, manufarsu ita ce kada ruwan tankinsa ya bambanta yau da yadda yake jiya.

Yana da kyau a fahimci abin da gishiri ke yi a jikin kifi, domin daga nan ne sauran bayanin yake samun ma'ana. A ɗabi'ance ruwa yana ratsa fata mai laushi ya nufi ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka ruwa yana shiga jikinsa ba tare da ya nema ba. Kusan ba ya shan ruwa, kuma yana fitar da fitsari mai yawa marar kauri. Kifin teku yana cikin akasin wannan hali. Gishirin jininsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na gishirin teku ba, saboda haka ruwa yana fita daga jikinsa koyaushe, wato yana cikin barazanar ƙishirwa alhali yana tsakiyar ruwa. Abin da yake yi shi ne ya riƙa shan ruwan tekun, ya fitar da rarar gishirin ta wasu ƙwayoyi na musamman da ke gaɓoɓin numfashinsa, ya kuma taƙaita fitsari. Wannan aiki yana cin ƙarfi, kuma duk lokacin da gishirin tanki ya motsa sai jikin kifin ya sake daidaita kansa. Halittun da ba su da ƙashin baya, irin su jatan lande da dodon koɗi da murjani, lamarinsu ya fi tsanani, domin yawancinsu gishirin jikinsu yana bin na ruwan da suke ciki ne, ba su da wata kariya a tsakani.

Gishirin da ake amfani da shi ba na girki ba ne, kuma ba wanda mai kiwon ruwan daɗi ya saba sakawa don jinyar kifi ba ne. Haɗi ne da aka tsara don ya kwaikwayi ruwan teku, inda sodiyam da kilorayid suka fi rinjaye, sannan akwai salfet, da magniziyam wajen miligiram 1,300 a kowace lita, da kalsiyam sama da miligiram 400, da fotasiyam, da wasu sinadarai masu yawa da ake buƙata kaɗan-kaɗan. Ana haɗa shi ne a wani mazubi daban: a fara zuba ruwa, sannan a riƙa barbaɗa gishirin a ciki, famfo yana juya shi har ya narke ruwan ya washe, zafinsa kuma ya yi daidai da na tanki. Ba a zuba ruwa a kan tulin gishiri, domin kalsiyam na iya daskarewa ya zama fari-fari ya ƙi narkewa, kuma ba a zuba busasshen gishiri kai tsaye a tankin da ke da rai a ciki. Tanki mai lita 200 zai ci sama da kilo 7 na gishiri a haɗin farko, kuma duk sauyin ruwan da za a yi nan gaba sai an sake haɗa sabo. Wannan ɗawainiya ce da ya kamata mutum ya amince da ita tun kafin ya fara.

Ba a dogara da awon cokali ko kofi wajen sanin ko gishiri ya yi daidai. Ana auna ruwan ne, kuma adadin da ake nema shi ne 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, wanda ya yi daidai da giram 35 ɗin da aka ambata. Akwai ma'aunin roba mai allura da ake kira haidiromita, amma ƙananan kumfa da ke maƙalewa a allurar da gishirin da ke bushewa a jikinta sukan sa ya ba da amsar da ba daidai ba. Wanda ya fi shi shi ne rifiraktomita, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ciki a karanta, da sharaɗin a riƙa saita shi da ruwan gwaji wanda aka san adadin gishirinsa. A ganina wannan ƙaramar na'ura tana cikin abubuwan da bai kamata a yi tsumulmula a kansu ba, domin duk sauran aune-aune sun ratayu ne a kan ingancinta.

A nan ne kuskuren farko na ɗabi'a yake. Idan ruwa ya ragu a tanki saboda ƙafewa, ruwan ne kawai ya tashi, gishirin yana nan. Don haka abin da ake cikewa da shi ruwa ne marar gishiri, kuma ruwan gishiri yana shiga ne kawai idan an kwashe wani ruwan gishirin da hannu. Lissafin yana da sauƙi kuma yana nuna dalilin da ya sa ƙaramin tanki ya fi wahala. Idan lita 2 ta ƙafe daga tanki mai lita 40, gishirin zai tashi daga 35 zuwa kusan 37. Idan lita 2 ɗin ta ƙafe daga tanki mai lita 200, da ƙyar zai wuce 35 da ɗigo 3. Mai kiwon ruwan daɗi ya saba barin ruwa ya sauka har ƙarshen mako kafin ya cike, amma a nan cikewa aikin kullum ne, ko dai da hannu bisa wata alama da aka yi a jikin gilashi, ko da na'urar da ke cikewa da kanta.

Shi kansa ruwan da za a haɗa gishirin da shi abin dubawa ne. A ruwan daɗi yawanci ya isa a ɗiga maganin da ke kashe kilorin a zuba. Ruwan famfo kuwa yakan ɗauko naitiret da fosfet da silika, wani lokaci har da ɓurɓushin jan ƙarfe daga bututu, kuma tunda kullum ana ƙara ruwa alhali waɗannan abubuwa ba sa ƙafewa, taruwa suke yi a hankali. Fosfet da naitiret abincin gansakuka ne, jan ƙarfe kuma guba ne ga duk halittar da ba ta da ƙashin baya. Shi ya sa masu wannan kiwo suke amfani da matatar da ake kira RO/DI, wadda ke tace ruwa har ma'aunin narkakkun abubuwan da ke cikinsa ya nuna sifili ko kusa da shi. Wanda zai tsaya a kifi zalla yana iya lallaɓawa da ruwan famfo mai kyau, amma wanda ke da niyyar murjani gara ya fara da tataccen ruwa tun ranar farko, domin abin da dutse ya tsotsa yakan daɗe yana sakinsa.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da ya kamata a yanke kafin a sayi komai, wato irin tankin da ake so. Akwai na kifi zalla, akwai na kifi da dutse mai rai (dutsen da bakteriya da ƙananan halittu suka zauna a jikinsa), akwai kuma na murjani wanda ke buƙatar haske mai ƙarfi da ƙarin aune-aune. Na tsakiyar shi ne ya fi dacewa da mai farawa, domin yana koyar da duk abin da ake buƙata kuma ana iya mayar da shi na murjani daga baya ba tare da an rushe shi ba. Game da girma, tsakanin lita 100 zuwa 200 wuri ne mai kyau na farawa. Tsohon tankin ruwan daɗi yana iya yin aiki idan an wanke shi da kyau, haka ma hita, amma tsakuwa da itacen ado da tsirrai ba su da gurbi. Duk yashi ko dutse ko soson tacewa da ya taɓa haɗuwa da maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki a ajiye shi gefe. A kuma tuna cewa ruwan gishiri yana cin ƙarfe, feshinsa yana bushewa ya bar farin ɓawo a kan murfi da waya da soket, don haka a ɗaga mahaɗar lantarki sama da inda ruwa zai iya gangarowa, a lanƙwasa kowace waya ta yi ƙasa kafin ta hau zuwa soket.

Batun tacewa shi ne inda tunanin mai kiwon ruwan daɗi ya fi buƙatar juyawa. Ya saba da cewa matata akwati ce mai soso da ke rataye a bayan tanki ko a ƙarƙashinsa. A tankin teku, babbar matatar ita ce dutsen da ke cikin tankin. Dutse ne na kalsiyam kabonet mai ramuka da ƙofofi marasa iyaka, kuma ana ce masa mai rai ne saboda ƙwayoyin bakteriya da ƙananan halittun da suka zauna a jikinsa. A samansa, inda iskar oksijin take, bakteriya suna mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, naitirayit, su mayar da naitirayit naitiret. A can cikinsa, inda oksijin ya yi ƙaranci, wasu suna iya mayar da wani ɓangare na naitiret iskar naitirojin ta fice. Tsarin da ya haɗa wannan dutse da ƙarfin motsin ruwa da na'urar kumfa mai kwashe datti ana kiransa tsarin Balin, saboda masu kiwo na wannan birni na Jamus ne suka yi fice da shi, kuma har yau shi ne ginshiƙin yawancin tankunan gida. Dutsen da ya zo da ransa yana kawo rayuwa iri-iri da sauri, amma yana iya ɓoye baƙin da ba a gayyata ba, kamar Aiptasia, wata ƙaramar animoni (halittar teku mai kama da fure, mai yatsu masu harbi) mai yaɗuwa tana harbin murjani. Busasshen dutse ba ya zuwa da waɗannan, kuma ba a fasa shi daga gidan murjani mai rai ba, sai dai yana ɗaukar watanni kafin ya nuna. A jera dutsen a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, don kada kifi mai tono ya rushe ginin, a kuma bar koguna da hanyoyin da ruwa zai ratsa.

Motsin ruwa a nan ba ado ba ne. Ruwan teku yana riƙe oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi 20 cikin 100 a zafi ɗaya, kuma dutsen ba zai yi aikinsa ba sai ruwa yana ratsa shi yana kai masa datti. Ana so ƙananan famfunan da ke cikin tanki su juya ruwan aƙalla sau 10 zuwa 20 na girman tankin a kowace awa, saman ruwan kuma ya riƙa kaɗawa. Na'urar kumfa, wadda ake kira sikima, tana cusa ƙananan kumfa masu yawa cikin ruwa, dattin da ya narke ya manne musu, su taru su hau cikin wani kofi a zubar kafin dattin ya ruɓe ya zama amoniya. A ruwan daɗi ba ta aiki sosai domin kumfarsa ba ta yin ƙanana haka. Ƙaramin tanki mai kifi kaɗan yana iya rayuwa ba tare da ita ba idan ana sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako, amma tana ba da sarari ga kuskure. Zafi kuma a riƙe shi tsakanin digiri 24 zuwa 26 na Salshiyas.

Ilimin da zai fi yi wa mai kiwo rana shi ne na girka tanki kafin a sa kifi, wato barin bakteriya su kafu. Hanyar ɗaya ce: a sa tushen amoniya, a riƙa aunawa, a ga amoniya ta hau ta sauka, naitirayit ya biyo baya shi ma ya sauka, naitiret ya bayyana. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 8, ko ƙasa da haka idan dutsen ya zo da ransa. Amma kada a ɗauko soso daga tsohon tanki da zaton zai gajarta hanya, domin bakteriyar ruwan daɗi ba abin dogaro ba ce a cikin gishiri. Sannan amoniya ta fi haɗari a nan. Tana da siffa biyu a ruwa, ɗaya mai guba sosai ɗaya mai sauƙi, kuma duk lokacin da pH ya hau da maki ɗaya, kason mai gubar yana ninkuwa kusan sau 10. Adadin da kifi zai iya jurewa a ruwa mai pH 7 yana iya kashe shi a ruwa mai pH 8.2. Tsohuwar al'adar jefa kifi mai taurin rai cikin sabon tanki don ya girka shi azabtarwa ce da ba ta da dalili, tunda amoniyar kwalba ko ɗan abincin kifi da aka bari ya ruɓe suna yin aikin.

Bayan girki akwai wani lokaci da ke karya wa mutane da yawa gwiwa. Ƙura mai ruwan ƙasa takan rufe yashi da gilashi, wadda wasu ƙananan halittu ne masu cin silika, daga baya koriyar gansakuka mai gashi ko wani jan yauƙi su biyo. Wannan mataki ne da kusan kowane sabon tanki ke bi, kuma yawanci yana wucewa da kansa cikin makonni ko watanni idan tushen ruwan yana da tsabta kuma ba a cika abinci. Idan ya ƙi wucewa, to ruwa ba ya tsami banza: a auna fosfet da naitiret, a duba matatar ruwa, a rage tsawon lokacin haske, kafin a yi tunanin zuba wani magani. A wannan lokaci ne ake shigo da 'yan dodon koɗi masu kiwon gansakuka, daidai da abincin da ke akwai, domin idan sun yi yawa yunwa za ta kashe su bayan sun share tankin.

Zaɓen kifi yana buƙatar kame zuciya, domin tankin teku yana ɗaukar kifi kaɗan ne idan aka kwatanta da na ruwan daɗi mai girma ɗaya, kuma yawancin kifayen murjani masu tsare yankinsu ne. Amphiprion ocellaris, ɗan kifin nan mai launin lemo da fararen ɗamara uku, ya cancanci sunan da ya yi a wurin masu farawa: ana hayayyafa shi a gidajen kiwo, yana cin abincin da aka ba shi, kuma ba ya buƙatar animoni don ya rayu. Idan aka sa ƙanana biyu tare, wanda ya fi girma da ƙarfi yakan zama mace, ɗayan ya tsaya namiji. Gramma loreto mai rabin shunayya rabin rawaya shi ma yana da sauƙi. Nemateleotris magnifica yana da natsuwa amma yana tsalle, don haka murfi wajibi ne. Waɗanda ya kamata a ƙyale su ne irin Synchiropus splendidus, wanda ke rayuwa a kan ƙananan halittun da ke jikin dutse kuma yakan rame ya mutu a sabon tanki, da Paracanthurus hepatus shuɗi, wanda ake sayarwa yana ƙarami alhali zai girma ya buƙaci tanki mai ɗaruruwan lita, da Zanclus cornutus, wanda ko ƙwararru suna shan wahalar ciyar da shi. Akwai kuma abin da bai kamata mai kiwo ya kau da kai daga gare shi ba. Yawancin kifayen ado na ruwan daɗi a gonar kifi aka haife su, amma mafi yawan nau'o'in na teku kamo su ake yi, musamman daga tekun Indunusiya da Filifin, kuma a wasu wurare an yi amfani da gubar sayanayid wajen sumar da su, abin da ke lalata murjani ya kuma bar kifin da ciwon da zai kashe shi daga baya. Tambayar ko kifin haifaffen gidan kiwo ne tambaya ce da ta dace a yi kafin a saya.

Killace sabon kifi a wani ƙaramin tanki na aƙalla mako 4 shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne aka fi yin nadamarsa. Cutar fararen ɗigo ta teku, wadda Cryptocaryon irritans ke haddasawa, ta yi kama da ta ruwan daɗi a ido amma halitta ce daban, kuma dabarar ƙara gishiri da ɗaga zafi da mai kiwo ya sani ba ta da tasiri a kanta. Wata ƙwayar cutar, Amyloodinium ocellatum, ta fi ta sauri, tana iya share tanki cikin kwanaki. Maganin da aka fi sani ga duka biyun yana ɗauke da jan ƙarfe, wanda ba za a iya zuba shi a tanki mai dutse da dodon koɗi da jatan lande ba. Idan cutar ta shiga babban tanki, mafita ita ce a kamo kowane kifi daga tsakanin duwatsu a yi masa jinya a wani wuri, a bar tankin babu kifi na kusan mako 11 har ƙwayar cutar ta mutu don rashin wanda za ta kama. Tankin killacewa bai wuce gilashi da hita da ɗan soson tacewa da guntun bututun roba da kifi zai ɓuya a ciki ba. Bayan killacewa, a daidaita zafi da gishirin ruwan biyu kafin a mayar da kifin, a sa masu sanyin hali da farko, a bar mako biyu ko uku tsakanin kowane sabon shiga domin bakteriya su riski ƙarin dattin.

Murjani yana zuwa ne bayan tanki ya yi wasu watanni gishirinsa da zafinsa ba sa motsi, kuma alamar da masu kiwo ke farin cikin gani ita ce ɓawon gansakuka mai launin shunayya da ke fara bayyana a kan dutse da gilashi. Mafi yawan murjanin da ake kiwo suna ɗauke da ƙananan tsirrai a cikin namansu waɗanda ke samar musu da abinci daga haske, shi ya sa fitilar tankin ruwan daɗi ba ta isa. A fara da masu laushi, waɗanda ba sa gina ƙashi mai tauri. Masu gina ƙashi suna zuƙe kalsiyam da kabonet daga ruwa, don haka sai an riƙa auna kalsiyam ya tsaya tsakanin 400 zuwa 450, ƙarfin kabonet tsakanin 7 zuwa 11 a ma'aunin dKH, magniziyam kuma kusa da 1,300, kuma ba a ƙara wani sinadari sai an auna an ga ya ragu. Wasu nau'o'in Palythoa da danginsu suna ɗauke da guba mai haɗari ga mutum, saboda haka a sa safar hannu da kariyar ido wajen taɓa su, kuma kada a taɓa zuba tafasasshen ruwa a kan dutsen da suke jiki, domin gubar tana bin tururi. Animoni kuwa, duk da kyan ganinta tare da kifin da ke kwana a cikinta, a jinkirta ta har tankin ya kai wata 6 zuwa shekara, kuma kafin ta shigo a rufe bakin kowane famfo da raga, domin tana yawo da kanta har ta sami wurin da ya yi mata.